Ƙulli a Bayan Kabar Gwaggo

A unguwar New Bell ta birnin Douala akwai wata yarinya mai suna Zaituna. Shekararta goma sha ɗaya, tana ajin ƙarshe na firamare. Yarinya ce mai kai, amma tana da hali guda. Idan abu ya dame ta ba ta faɗa wa kowa. Sai ta yi gum ta nemi dabara ita kaɗai, don a ganinta duk unguwar babu mai wayonta.

A lokacin ƙasa tana cikin matsi. Mutanen gari suna kiran shekarun nan "la crise". Kamfanonin unguwar masana'antu ta Bassa suna ta sallamar ma'aikata, kuma Malam Idirisu, baban Zaituna, yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Abin da ya rage masa shi ne gidan katako da ya gada, mai ɗaki uku da 'yar tsakar gida.

Ɗaki ɗaya na Baba da Mama ne. Na tsakiya na Zaituna. Na ƙarshe kuwa wata mai ɗinki ce take haya a ciki, yara suna ce mata Tanti Fatsuma. Mijinta ya tafi arewa neman aiki tun bara. Keken ɗinkinta ne yake ciyar da ita da 'ya'yanta biyu ƙanana. Mace ce mai sanyin magana, kullum akwai allura a bakin ɗankwalinta.

Ana nan sai Gwaggo Kulsum ta dawo gidan. Ita ce yayar Baba. Da tana sayar da atamfa a kasuwar Congo, ciniki ya mutu, ta rufe rumfa ta kwaso kayanta. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin Zaituna.

Gwaggo Kulsum mace ce mai jiki da murya. Ba a yi mata musu. Ko Baba, da gemunsa da komai, idan ta kira shi "Idi" sai ya rage murya. Kwananta biyu a gidan ta fara faɗa da Tanti Fatsuma, wai ƙarar keken ɗinki tana hana ta barcin rana. Tanti Fatsuma ta ba ta haƙuri, ta riƙa dakatar da ɗinki daga azahar zuwa la'asar.

Abin dariyar shi ne, mai ƙorafin ƙarar keke ita ce sarauniyar minshari. Da zarar ta kwanta rigingine, shi ke nan. Sai ka ce injin niƙa ne aka tayar a cikin ɗakin. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya ɗan tsaya har ka ce an huta, sai ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Zaituna ta cusa auduga a kunne, bai yi ba. Ta danne kanta da filo, zafi ya kusa kashe ta. Ta yi tarin ƙarya, ta buga ƙafa a jikin katako, Gwaggo ko a jikinta. Har Zaituna ta fara zargin da gangan take yi. Ba ita ce ta hana ta kunna fitila ta yi karatu bayan isha ba? Wataƙila so take ta kore ta daga ɗakin ta mallake shi ita kaɗai. Haka yarinyar nan take kwance tana saƙa da warwara, alhali baiwar Allah barcinta kawai take yi.

Da safe Mama takan dube ta ta ce, "Me ya sami idonki ya yi ja haka?"

"Babu komai, Mama."

Mama takan ƙyale ta. Ita ma ai tana da kunne, kuma bangon katako ba ya ɓoye komai. Amma wa zai tari Gwaggo Kulsum ya ce mata tana minshari?

A makaranta abin ya fara nunawa. Ran nan ana tsakiyar lissafi Zaituna ta kifa kai a kan tebur. Ba ta farka ba sai da malaminsu, Mesiye Bukar, ya ƙwanƙwasa teburin da rula. 'Yan aji suka fashe da dariya. Ya tuna mata cewa saura wata biyu jarrabawar shiga sakandare, ya kuma tambaye ta ko akwai abin da ke damunta a gida. Ta ce babu.

Da aka fita tara, ƙawarta Kausar ta matsa mata da tambaya. Nan dai bakin Zaituna ya buɗe, ta faɗa mata.

Kausar ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Kakana ma haka yake. Idan ya kwanta a bayansa ne yake yi. Sai kakata ta ɗinka masa wani abu mai tauri a bayan rigar barcinsa. Da ya juya rigingine abin ya tokare shi, sai ya koma gefe ba tare da ya farka ba."

Idon Zaituna ya yi haske. Ita ma ta lura idan Gwaggo ta juya gefe ƙarar takan ɗauke.

Kausar ta ƙara da cewa, "Amma fa shi da kansa ya ce a yi masa."

Wannan ɓangaren Zaituna ba ta ji shi ba. Ko kuma ta ji, ta bar shi ya wuce.

Gwaggo tana da wata tsohuwar kaba da take kwana da ita, irin doguwar rigar nan mai faɗi ta matan Douala, mai tattara da yawa a ƙasan wuya. Ran Juma'a ta wanke ta ta shanya, ta shiga maƙwabta hira. Sai hadari ya taso, ruwa ya kece kamar yadda ya saba a garin. Tanti Fatsuma ce ta fito da gudu ta kwashe shanyar gidan gaba ɗaya. Da yamma ta ninke kayan kowa ta kai masa har ƙofar ɗaki.

Washegari Asabar Gwaggo ta tafi suna, Mama ta tafi kasuwa. Zaituna ta ga dama ta samu. Ta tsinci ƙwallon kwakwar manja guda uku a bayan murhu, ragowar miyar jiya. Ta je kwandon da Tanti Fatsuma take zuba ƙyallaye a bakin ƙofarta, wanda yara suke ɗiba su yi wa 'yar tsana riga. Ta zaɓi wani jan ƙyalle mai zanen tsuntsaye. Zare kuwa baƙi kawai ta samu a gwangwanin Mama.

Ta ƙulle ƙwallayen a cikin ƙyallen, ta naɗe shi da zare tamau. Ta juya kabar, ta ɗinke ƙullin a cikin tattarar baya, inda ido ba zai kai ba. Ta mayar da rigar yadda take. Ta tsaya tana murmushi, tana yaba wa kanta.

Dabarar kuwa ta ci. Daren nan Gwaggo ta kwanta rigingine, ta ɗan yi mutsu-mutsu, ta juya gefe. Ɗaki ya yi tsit. Zaituna ta yi barcin da ta manta irinsa. Daren Lahadi ma haka.

Sai dai da safe Gwaggo tana ta miƙa tana dafa baya. Ta ce wa Mama kwana biyu ke nan tana jin kamar ana tsikarinta a tsakanin kafaɗu, ta duba katifa ba ta ga komai ba. Mama ta ce ko sanyin damina ne. Zaituna ta sunkuyar da kai a kan kofin kununta don kada a ga tana dariya.

Ran Litinin da yamma dariyar ta ƙare.

Zaituna ta dawo daga makaranta ta tarar da tsakar gida cike da mata. Gwaggo tana zaune daɓas a kan tabarma, tana salati tana tafa hannu. Kabar tana yashe a ƙasa, an juya cikinta waje. Ga jan ƙullin nan a fili, naɗe da baƙin zare. Kowa ya ja baya, babu mai son ko inuwarsa ta taɓa shi.

Gwaggo tana cewa, "An yi mini sammu. A gidan ubana, a cikin rigar da nake kwana. Shi ya sa bayana ya ƙi lafiya. Wa ya san tun yaushe ake bina? Wa ya san abin da ya kashe mini kasuwa?"

Zaituna ta gane ƙullinta. Ta buɗe baki, amma ta ga fuskar Gwaggo, ta ga taron matan, sai maganar ta maƙale. Ta raɓe a jikin ƙofa da jakarta a hannu.

Aka shiga tambayar wanda ya taɓa rigar. Wata ta ce a tuna wanda ya shigo gidan a makon nan. Wata ta ce irin wannan aikin ba na baƙo ba ne, na wanda ya san ɗaki ne. Kowa ya fara satar kallon na kusa da shi. Har Mama ta sha jinin jikinta, don Gwaggo ta yi mata wani dogon kallo.

Sai wata maƙwabciya ta duƙa daga nesa ta ƙura wa ƙullin ido. Ta ce ita fa ta san wannan ƙyallen. Ragowar atamfar da aka ɗinka wa 'yarta ce, kuma kowa ya san wadda ta ɗinka.

Duk aka juya ana kallon ɗakin ƙarshe. Tanti Fatsuma tana tsaye a bakin ƙofarta da almakashi a hannu.

Gwaggo ta ce, "Wa ya kwashe shanya ran Juma'a?"

Tanti Fatsuma ta ce, "Ni ce, Hajiya. Ruwa na gani zai jiƙa muku kaya."

"Rigata ta wuni a ɗakinki. Ƙyallenki ne. Ke ce mai allura da zare a gidan nan. Kuma tun da na yi miki maganar kekenki kike jin haushina. Me ya rage?"

Tanti Fatsuma ta rantse da Allah ba ta san komai ba. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Gwaggo ta ce wanda ya iya wannan aikin ai rantsuwa ba za ta yi masa wuya ba. Abin tausayi, alherin da matar nan ta yi ran Juma'a shi ya zama babbar shaida a kanta.

Da Baba ya dawo aka zayyana masa komai. Ya ce a bi a hankali, zato ba shi da kyau. Ya sa reza ya yanke zaren daga jikin rigar, ya sa tsinke biyu ya tura ƙullin cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya rufe, ya ɗora a kan katanga. Ya ce kada wanda ya kwance shi sai limamin unguwa, Malam Yusufa, ya dawo daga tafiya ran Juma'a.

Gwaggo ta ce, "Idi, ni ba zan jira liman ba. Ko ita a gidan nan, ko ni."

Baba ya yi ta lallashi, Gwaggo ta kafe. A ƙarshe ya je ƙofar Tanti Fatsuma, kansa a ƙasa, ya ce ta nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Zaituna tana jin komai daga cikin ɗaki. Ta san kalma ɗaya daga bakinta za ta kashe wutar nan. Amma tana tsoron duka, tana tsoron kunya, ta fi tsoron idon Gwaggo. Sai ta ce wa kanta idan liman ya zo ya kwance ya ga ƙwallon manja ne kawai, kowa zai yi dariya a wuce wurin.

Kafin gari ya waye magana ta zagaye unguwa. Kuma magana idan tana yawo ƙiba take yi. A bakin famfo aka ce layu bakwai aka samu. A wurin mai ƙosai aka ce har da gashin mutum a ciki. Wasu suka tuna cewa tun da Fatsuma ta ɗinka musu riga suke ciwon kai.

Ran Talata mata suka fara zuwa karɓar kayansu. Kowace ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce ta fasa ɗinkin. Wata ma da aka miƙo mata atamfarta sai da ta kakkaɓe ta sau uku, ta laluba kowane lungu. Tanti Fatsuma ta riƙa miƙa musu ɗaya bayan ɗaya. Keken da Gwaggo take ƙorafi a kansa ya yi shiru gaba ɗaya.

A cikin gida ma zama ya lalace. Mama ta hana Zaituna karɓar ko da ruwa daga ɗakin ƙarshe. Gwaggo ta daina cin abinci sai ta ga wani ya fara kai loma. Ta zazzage akwatinta, ta farke filonta, ta duba har cikin takalmanta. Da dare kuma tsoro ya hana ta rintsawa, sai dai ta zauna tana jan carbi. Minshari ya ɗauke ɗif. Ga shirun da Zaituna take nema ya samu, amma barci ya ƙi zuwa mata. Ta cikin katako tana jin Tanti Fatsuma tana kuka a hankali don kada ta tashi 'ya'yanta.

Ran Laraba ta faɗa wa Kausar abin da ya faru. Kausar ta riƙe baki. Da ta ji shirin jiran liman sai ta girgiza kai. Ta ce ko an kwance an ga ƙwallon manja, mutane cewa za su yi da shi aka yi asirin, tunda dai ba a san dalilin sa shi ba. Zaituna ta san gaskiya ce.

Bayan an tashi ta tsaya a baya har aji ya watse. Ta matsa kusa da teburin malami.

"Mesiye, ina da tambaya."

"Ina jin ki."

"Idan mutum ya yi wani abu, ba da mugun nufi ba, sai aka ɗora wa wani laifin. Shi ai bai yi ƙarya ba, ko? Tunda ba a tambaye shi ba."

Mesiye Bukar ya ajiye allin hannunsa ya dube ta. Ya ce, "Wanda aka ɗora wa laifin, yana shan wahala?"

"Yana sha."

"Shi kuma wancan yana gani, kuma zai iya tsayar da abin?"

Zaituna ta gyaɗa kai.

"To kowace rana da ya yi shiru, shi ne yake wahalar da shi. Ba sai ya buɗe baki ya yi ƙarya ba." Bai ƙara tambayar ta komai ba. Ya ce kawai ta gaida gida.

Duk da haka daren Laraba ya wuce ba ta faɗa ba. Sau biyu tana zuwa wurin Mama, sau biyu tana dawowa da maganarta a ciki. Ta ce gobe. Ai akwai sauran kwanaki kafin ƙarshen wata.

Ashe babu sauran kwanaki. Ran Alhamis da ta shawo kwanar layinsu sai ta hango amalanke a ƙofar gida. An ɗora katifa, da tukwane biyu, da ƙunshin kaya. Tanti Fatsuma ba ta jira ƙarshen wata ba. An fara tsokanar 'ya'yanta a waje, yara suna gudu idan sun gan su. Ta ce gara ta tafi, ko da ba ta san inda za ta sauka ba.

Zaituna ta shiga gida da sauri. Tanti Fatsuma ta cire kan keken daga teburinsa, tana naɗe shi da tsohon zane. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗaki ta kau da kai. Baba da Mama suna tsaye a gefe.

Da Tanti Fatsuma ta ga Zaituna sai ta ɗauko wata riga a kan kujera. Rigar makarantar Zaituna ce ta biyu, wadda hannunta ya yage tun makon jiya. Ba ta miƙa mata ba. Ta ajiye a kan turmi ta ja baya.

Ta ce, "Na gyara miki hannun. Ki ba mamanki ta duba ko'ina kafin ki sa, don hankalinta ya kwanta. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa."

Nan Zaituna ta kasa jurewa. Ta yar da jaka, ta taka bokiti, ta ɗauko gwangwanin daga kan katanga. Mama ta yi ihu ta ce ta ajiye. Kafin a kai gare ta ta buɗe, ta ciro ƙullin da hannunta, ta tsinke zaren da haƙori. Ƙwallaye uku suka faɗo suka gangara a tsakar gida.

Ta ce, "Ni na ɗinka. Ƙwallon manja ne na miyar Mama. Ni na ɗauki ƙyallen a kwandon Tanti. Ba ta san komai ba." Kuka ya ci ƙarfinta.

Baba ne ya fara magana. Ya tambaye ta me gwaggonta ta yi mata da za ta yi mata haka.

Cikin shessheƙa Zaituna ta faɗi komai, tun daga barcin aji har zuwa dabarar Kausar. Ta ce so take kawai Gwaggo ta riƙa juyawa gefe, saboda minshari.

Gwaggo ta miƙe zaune. "Minshari? Ni? Shekarata hamsin da biyar, ba a taɓa ce mini ina minshari ba."

Ta dubi Baba. Baba ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, gaskiya kina yi. Tun muna yara."

Ta dubi Mama. Mama ta ce a hankali har ɗakinsu ana ji. Ta dubi mai amalanken da ya leƙo don jin abin da ya tsayar da su, shi kuwa ya ce shi baƙo ne, bai san komai ba. Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya bai iya ba.

Amma Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ƙwallayen nan uku a ƙasa. Sannan ta tashi da ƙyar, ta taka har inda Tanti Fatsuma take tsaye. Matar da ba a taɓa ganin ta sunkuya wa kowa ba ta kama hannun mai ɗinkin da hannu biyu.

Ta ce, "Fatsuma, na zalunce ki. Kin rantse na ƙi ji. Ki yafe mini don Allah."

Tanti Fatsuma ta share hawaye ta ce ta yafe. Baba ma ya nemi gafararta, ya fita da kansa ya sauke katifar daga amalanke. Amma da aka dawo da kayan, sai ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ɗaki ya dawo, Malam. Sunana fa? Wa zai sake kawo mini ɗinki?"

Zaituna ta tsaya tana jiran bulala. Baba ya dube ta ya ce ba zai dake ta ba, don duka ba zai gyara komai ba.

Ya ce, "Ƙullin kuskure ne na yarinta. Da kin faɗa ran Litinin, da dariya za a yi. Amma kin yi kwana uku kina kallo ana cin mutuncin baiwar Allah. Mu ma manya da namu laifin, mun yanke hukunci a kan zato. Yanzu ɗauki ƙwallayen nan da ƙyallen. Duk gidan da aka karɓe ɗinki, za ki shiga ki faɗa musu da bakinki."

Gwaggo ta ce ita za ta raka ta, tunda da bakinta maganar ta fita.

Gida tara suka shiga a yammacin nan. A kowane gida Zaituna takan buɗe tafin hannunta ta nuna ƙwallayen, ta faɗi abin da ta yi. Gwaggo kuma, da muryar nan tata da ake ji har layi na uku, takan ce, "Minshari nake yi, shi ne duk maganar. Fatsuma ba ta da laifi." Gidan farko kunya ta kusa nutsar da Zaituna. Wasu sun yi dariya har da riƙe ciki. Wasu sun yi mata faɗa sosai. Mace ɗaya ta taɓe baki ta ce ita dai ta riga ta kai wa wani tela, kuma ba ta sake dawowa ba. Zaituna ta gane cewa ba duk abin da ya ɓaci ne yake gyaruwa ba, kuma abin ya yi mata ciwo.

Sauran takwas ɗin kuwa kowace ta shiga ɗaki ta fito da atamfarta. Aka ƙulle su a babban zane, aka ɗora wa Zaituna a ka.

A hanyar dawowa Gwaggo ta ce mata daga yau idan ta fara, ta taɓa kafaɗarta kawai ta ce ta juya. Ta ce ba za ta ji haushi ba, in ma ta ji, da safe zai wuce. Haka kuwa aka riƙa yi. Wani dare a dace, wani dare sai an taɓa sau uku. Zaituna ta koma samun barcinta, ba ta sake kifa kai a aji ba.

Ana kiran magariba suka shigo gida. Zaituna ta durƙusa ta sauke ƙunshin a gaban Tanti Fatsuma, ta ce, "Tanti, ki yafe mini."

Tanti Fatsuma ta kwance ƙunshin. Ta shafa atamfofin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaisawa da 'yan uwan da suka dawo daga tafiya. Sannan ta jawo Zaituna jikinta.

Ta ce, "Na yafe miki, 'yata. Zo ki kama mini mu mayar da kan keken nan. Akwai aiki gobe."

Daga ranar Zaituna ta riƙe darasi biyu. Idan abu ya dame ka, ka faɗa cikin ladabi, kada ka yi dabara a ɓoye. Idan kuma aka zargi wani da abin da kai ka yi, ka faɗi gaskiya nan take, kada ka bari ta kwana.